Babur ɗin Ƙanƙara a Warshar Usta

Kafin in zo Alƙahira karatu, shekara tara na yi ina gyaran babura a Funtuwa. Da girmana na zo, ina da shekara talatin da ɗaya, cikin ɗaliban da yawancinsu na ba su shekara goma. Mu huɗu ne a ɗaki a unguwar Hayyin Ashir. Da hutun bazara ya zo, 'yan ɗakinmu suka rarrabu zuwa darussan masallatai, ni kuwa hannuna ya fara ƙaiƙayi. Wanda ya saba da warin fetur, littafi kaɗai ba ya zaunar da shi wata uku.

Ɗaya daga cikinsu ya ba ni labarin wani Bahaushen Sudan a unguwar Ainu Shams, yana da warsha, wato gareji, inda yake gyaran babura da tuk-tuk, wato adaidaita-sahu. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je hajji, ya tsaya a Sudan, bai ƙarasa ba kuma bai koma ba. Kowa Usta yake ce masa, yadda Misrawa ke kiran gwanin sana'a.

Na same shi a tsugune gaban wani babur. Gajere ne mai kaurin wuya, zai yi hamsin da biyar, idonsa na hagu ya ƙanƙance saboda tartsatsin walda. Ya dubi farar jallabiyata daga sama har ƙasa.

"Kai ne Shehin da ke sha'awar baƙin mai?"

"Ni ne, Usta."

"To ga wannan. Kwana biyu ya ƙi tashi. Karanta masa abin da aka koya muku."

Mai babur ɗin yana zaune a kan benci. Cikin minti goma na gano wata waya ce ta gutsure a cikin robarta, daga waje kamar lafiya lau. Na ɗaura, na buga, babur ya tashi. Da na yi shiru a nan, watakila da rayuwarmu ta bi wata hanya. Sai na juya na ce da Larabci, yadda mai babur zai ji, "Wannan ai ba aikin kwana biyu ba ne."

Usta ya ɗauke ni aiki a ranar saboda yana buƙatar hannu. A ranar kuma ya tsane ni. Ban ɗauki lokaci ba na rama.

Ba faɗa muke yi ba irin na ɗaga murya. Ƙananan abubuwa ne, kullum. In ya aika a kawo shayi daga shagon maƙwabta, sai a kawo na kowa ban da nawa. In na yi wa mai tuk-tuk magana da Larabcin littafi, sai ya maimaita maganar yana jan wasulla kamar mai huɗuba, direbobi su bushe da dariya. Bai taɓa kiran sunana ba, sai "ya Shehi." Ni kuma na lura duk abin da ya gagare shi guduma yake ɗauka, sai na riƙa jefa gudumar a bayan tsoffin tayoyi, in bar shi yana nema yana zage-zage. Wata rana ya faɗi wata kalmar Hausa da rabona da jin ta tun a bakin kakata, na ce masa, "Usta, wannan Hausar ai a wurinmu an binne ta da masu ita." Na ga inda ta same shi. Daɗi na ji.

Haka muka ci bazarar farko. Na rantse ba zan koma ba. Da ta biyu ta zo, a 2013, na koma, don babu wani wuri a garin da za a bar baƙo irina ya buɗe inji.

A sati na uku wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar warsha, ɗauke da wani abu a lulluɓe da tamfol. Da aka yaye, layin gaba ɗaya ya taru. Yana da kan babur da kujerar babur, amma babu taya ko ɗaya. A gaba wasu dogayen falankai biyu ne masu lanƙwasasshen baki, a baya kuma faffaɗar sarƙar roba mai haƙora irin ta katafila.

Mai shi likitan haƙori ne, Bamisire, yana zaune a unguwar Ma'adi. Duktur muke ce masa. Ya yi shekaru a wata ƙasa mai sanyi da duwatsu, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya rabin shekara, a can ake hawa irin wannan babur ana haye tsaunuka da shi. Da zai dawo gida ya kasa rabuwa da shi, ya sako shi cikin kayansa. Yanzu so yake ya hau tudun rairayi da shi a saharar da ke wajen Fayyum. Ya sauke wani kwali kuma, na kayan ƙarin ƙarfi da ya saya a can bai samu ya ɗaura ba: sabuwar salansa mai ciki kamar tulu, kan silinda da ke ƙara matse wuta, da ƙarafan kuloci.

"A ɗaura duka," in ji Duktur. "So nake in na murɗa ya tashi sama."

Usta ya dafa ƙirji. "A kaina, ya basha, ranka ya daɗe. Na gyara irinsa ba adadi."

A ina, a zafin Omdurman ta Sudan? Na haɗiye tambayar.

Maƙwabcinmu mai walda ya karɓi aikin cire falankan ya sa ƙananan tayoyi. Ni kuma na ɗauki littafin injin, na Turanci ne, na tafi da shi Hayyin Ashir. Kwana uku ina bin sa da ƙamus. Injin mai silinda biyu ne, dangin na tsoffin baburan da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, waɗanda na ƙware a kansu a gida, sai dai wannan ya ninka su ƙarfi nesa ba kusa ba. Abu biyu na fahimta. Na farko, ba shi da lagireto. Ruwan injin ta ƙarƙashin kujera yake bi, sarƙar tana watso masa ƙanƙara yana hucewa. Babu ƙanƙara, babu sanyi. Na biyu ya fi ɓuya. A cikin kafireta akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai huda, jet, shi ke auna man da ke shiga. A kan tsauni iska ba ta da kauri, don haka aka sa masa jet mai ƙaramar huda. A nan ƙasa iska ta fi yawa, man ya yi mata kaɗan. Injin da mai ya yi wa kaɗan ƙara yake yi mai daɗi, yana gudu kamar aljani, sannan ya narke daga ciki. In aka ƙara masa waccan salansa da wancan kan silinda, an ƙara wa wuta iska ke nan.

Na faɗa wa Usta ranar da Duktur ya zo duba aiki. Maganar lagireto ya karɓa, don Duktur ya gyaɗa kai tun kafin in rufe baki. Har ya ce ai dama ya riga ya aika a nemo na ƙaramar mota. Da na zo kan jet, ya ajiye sifanar hannunsa.

"An ce a ƙara ƙarfi, kai kana cewa a ɗura masa mai har ya shaƙe?"

"Usta, iskar can da ta nan ba ɗaya ba ce."

"Iska! Yanzu kuma iska za ka auna mana?" Ya juya wajen Duktur ya koma Larabci, ya ɗaga murya yadda mai walda da direbobin da ke bakin ƙofa za su ji. "Ma'alish, yi haƙuri, ya basha, kada ka kula shi. Mai wanke min sifana ne, don Allah na ɗauke shi. A dajinsu jaki suke gyarawa. Sana'a ta gagare shi a can, ya gudo nan ya ɓuya a bayan rawani, karatun ma sai da gemu ya fito ya fara."

Aka yi dariya. Duktur ma ya murmusa, ya kau da kai. Ni da na riƙe gareji na kaina, da mutum shida a ƙarƙashina. Na tsaya da littafin a hannu.

Da yamma Usta ya sa ni in kwashe kwalin. A can ƙasa, ƙarƙashin naɗin kwalin, na ga wata 'yar leda. Jet ne a ciki, kusan goma, kowanne da lambarsa, tare da takarda mai jadawali: tsayi kaza, zafi kaza, lamba kaza. Wanda muke buƙata yana nan a ciki. Na buɗe takardar na karanta sau biyu. Usta yana nesa da ni taku biyar, ya ba ni baya. Da na miƙa masa takardar, ko shi ba zai musa wa masu injin ba. Na ninke ta, na mayar cikin ledar, na tura ledar inda na same ta, na ajiye kwalin a kan kanta.

A raina cewa na yi injin zai mutu a gaban Duktur, kowa ya ga waye mai wanke sifana. Iyakar abin da na hango ke nan, ko kuma iyakar abin da na yarda in hango.

Lokacin ana wahalar mai, layi a kowane gidan mai har ya zagaye unguwa. Littafin ya ce fetur mafi kyau kaɗai za a sa. Usta ya sayo jarka biyu a hannun wani mai tuk-tuk, na mai arha ne, daga warin na gane. Na riƙe masa mazurari ya zuba.

Ranar Asabar da sassafe muka fita. Duktur yana gaba a jif ɗinsa, mu muna baya a a-kori-kura da babur ɗin. Bayan awa biyu muka bar kwalta, muka shiga rairayi har inda motarmu ta ce ba ta ƙara taku. Tuddai ne jere, wani bayan wani, mafi tsayinsu zai kai bene hawa shida.

Usta ya ce shi zai fara hawa, wai don ya tabbatar wa basha da aikinsa. Ya ɗaure kansa da rawani, ya ja igiyar tayar da injin. Ban taɓa jin kukan inji irin wannan ba, siriri, mai huda kunne. Ya murɗa, gaban ya ɗaga, rairayi ya tashi a bayansa ya rufe mu. Ya yi zagaye ɗaya a fili ya dawo yana washe baki, haƙoransa duk ƙasa.

Amma da ya wuce ta gabana na ji abin da nake jira. A ƙarƙashin kukan akwai wata 'yar ƙara, ƙis-ƙis-ƙis, kamar tsakuwa a gwangwani. Duk bakaniken da ya san irin wannan inji ya san ta. Wuta ce ke tashi kafin lokacinta, tana cin kan fistan.

Duktur ya dafa kafaɗata, fuskarsa cike da murna. "Tamam? Komai daidai?"

"Ka tambayi Usta," na ce. "Shi ne mai aikin."

Usta ya nuna babban tudun da hannu. "Yalla, ku kalla!"

Ya ja baya ya ɗauko gudu. Ya hau rabi, ya wuce, ya kusa kai wa ƙoli, inda tudun ya fi miƙewa. Sai kukan ya yanke tsit, kamar an datse shi da almakashi. Sarƙar ta ƙame. Babur ɗin ya tsaya cak, ya karkata, ya juyo gefe. Na ga Usta yana ƙoƙarin zare ƙafarsa. Bai samu ba. Abin ya kife a kansa, ya mirgina, ya sake hawa kansa, suka gangaro tare har gindin tudun.

Ban san lokacin da na fara gudu ba. Ni na riga kowa isa. Salansar tana kan ƙwaurinsa, ina jin ƙaurin fata. Na sa kafaɗa na ɗaga, direban a-kori-kura ya janye shi. Hannunsa na dama ya lanƙwashe daga wuyan hannu ta inda bai kamata ba, ƙashin wuyansa kuma ya turo fata. A bayan jif ɗin Duktur, kansa a kan cinyata yake har asibiti. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati, ya bi shi da zagi. Ya zagi injin, ya zagi ƙanƙara da waɗanda suka ƙera babur ɗin. Ni bai zage ni ba, don bai sani ba tukuna.

Kwana goma ina buɗe warsha ni kaɗai. Na sauke injin na buɗe. Fistan ɗaya ya huje a tsakiya, ɗan yatsana yana shiga, narkakken ƙarfe ya manne a jikin silinda. Na ajiye shi a kan benci inda duk mai shigowa zai gani. Wannan ma da gangan na yi.

Ran na sha ɗaya na iso na tarar da ƙofa a buɗe. Usta yana zaune a kan kujerar roba, hannu a filasta rataye a wuya, ƙafa a naɗe. Kwalin yana kife a gabansa. Takardar tana kan gwiwarsa a buɗe, ga shatin babban yatsana na baƙin mai a gefenta, daidai kan layin da ya dace.

Bai amsa sallamata ba.

"Ka ga wannan?"

"Na gani."

"Kafin mu je ko bayan mun dawo?"

Na iya yin ƙarya. Ban ga dalili ba. "Kafin."

"Ka san abin da zai faru."

"Na faɗa maka, Usta. A gaban mutane na faɗa maka."

"Da baki ka faɗa, sau ɗaya. Wannan fa? Wannan a hannunka take, ka mayar ka ɓoye."

"Mai wanke sifana ina ruwansa da takarda?"

Ya daɗe yana kallona da ƙaramin idon nan. Sannan ya tofar da yawu a ƙasa, tsakanina da shi.

"Da Duktur ne a kai fa? Da wuyana ne ya karye? 'Ya'yana biyar. Wannan suke koya muku a can? Allah ya isa tsakanina da kai."

"Ni ma Allah ya isar min abin da ka yi min."

Na ɗauka korata zai yi. Ba shi da hali. Hannu ɗaya gare shi, Duktur kuma yana son abinsa ya tashi, ya ma sa wani ɗan'uwansa ya taho da sabbin fistan a cikin akwati. Usta bai faɗa wa Duktur maganar takardar ba, don faɗar tana nufin ya yarda cewa ni ne na yi daidai tun farko. Ni ma ban faɗa ba. Wannan ne kaɗai abin da muka taɓa haɗa baki a kai.

Sati shida na yi ina haɗa injin, yana zaune yana kallon hannuna. Ya daina yi min magana kai tsaye. Sai ya ƙwala wa mai walda kira ta katanga: "Gaya wa Shehi ya ɗaure notin can da kyau, ko shi ma ɓoye shi zai yi?" Ni kuma in ce, "Gaya wa Usta wannan ba aikin guduma ba ne." Mai walda, bawan Allah, ya gaji ya ce mu biyun mu ji tsoron Allah, ya ƙara ƙarar rediyonsa.

Na mayar da tsohon kan silinda, na bar sabuwar salansar. Na sa jet ɗin da takarda ta ce, na ƙara lamba ɗaya sama don zafi da tsoro. Na ɗaura wa lagireton fanka. Na gaya wa Duktur in ba zai samo fetur mai kyau ba, ya bar abin a ajiye. Da muka koma sahara, Usta bai je ba. Duktur ya hau wannan tudun har ƙoli, ya tsaya a sama yana ɗaga hannuwa. Na cire filogi na duba, launinsa kamar gasasshiyar gyaɗa, yadda ake so. Na jira in ji daɗi, ban ji ba.

Fita uku kawai ya yi da shi. Robobin da sarƙar ke zamewa a kansu ƙanƙara ce ke jiƙa su, rairayi kuwa ya cinye su kamar faifan goge katako. Daga baya na ji yana ajiye a ƙarƙashin benensu a Ma'adi, an rufe shi da tamfol. Ni kuwa tun ranar da aka miƙa shi ban sake taka warshar ba.

Shekara ta juyo, muna karanta babin lamuni, wato biyan ɓarna, a fiƙihu, na tsayar da malaminmu bayan darasi. Na ce, mutum ne ya ga rami a gaban wani, ya faɗa masa sau ɗaya, aka zage shi, sai ya yi shiru har wancan ya faɗa. Mene ne hukuncinsa? Dattijon ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai ne?"

Na sunkuyar da kai.

"To bar neman hukunci a littafi, ɗana. Je ka nemi mutumin."

Sai da na ƙara shekara guda ban je ba. A 2015, saura kwana biyu in bar Masar, na hau jirgin ƙasa zuwa Ainu Shams. Na same shi kwance a ƙarƙashin wani tuk-tuk. Da hannun hagu yake riƙe da sifana, na daman yana tallafawa, yatsu biyu ba sa rufuwa. Na yi sallama. Ya leƙo, ya gan ni, ya mayar da kansa ciki.

Na tsuguna. "Usta, na gama karatu, zan koma gida. Na zo ne ka yafe min."

Sifana ta ci gaba da ƙara. Can ya ce, "Yaushe ne jirginka?"

"Jibi."

"To je ka hau."

"Usta..."

"Ya Shehi, kana tare min haske."

Ya ƙwala wa direban kira ya ce ya tayar. Hayaƙi ya bugo min fuska. Na miƙe, na ɗan tsaya ko zai ƙara wani abu. Mai walda ya ɗago min hannu daga shagonsa, na ɗaga masa. Na kama hanyar tasha.

A cikin jirgin ƙasa, ina tsaye a matse tsakanin mutane, na kama kaina ina lissafa maganganun da ya yi min a gaban Duktur, ɗaya bayan ɗaya, ina shirya amsar da ta kamaci kowacce. Har na wuce tashar da zan sauka ban gama ba.